YADDA AKE HANA TSUNTSUN TEKU YIN SHEƘA A RUFIN GIDA

A garuruwan bakin teku na ƙasar Birtaniya akwai wani tsuntsu da ke hana masu gida sakat. Turawa na kiransa sigal. Ya fi hankaka girma, jikinsa fari ne, bayansa ruwan toka, ƙafafunsa kuwa irin na agwagwa. Da can a kan duwatsun bakin teku yake sheƙa. Yanzu kuwa ya mamaye rufin gidaje a birane irin su Biristol da Kadif.

Abu biyu ne suka jawo shi cikin gari. Na farko abinci. A 1956 an yi dokar hana gurɓata iska da hayaƙi, aka rage ƙona shara, sai juji ya zame masa wurin kiwo. Na biyu kwanciyar hankali, domin yanyawa mai cin ƙwansa ba ta iya hawa dogon rufi.

Ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Ciyawar sheƙarsa takan toshe indararo, ruwan sama ya kwanta, ɗaki ya kama yoyo. Kashinsa na ɓata bango, kukansa na tashin mutane tun kafin asuba. In ya ƙyanƙyashe kuwa, yakan kawo sura kan duk wanda ya matso kusa, ko da mai gidan ne.

Duk da haka ba a yarda kowa ya kashe shi ba. Dokar 1981 ta kare tsuntsayen daji da ƙwansu da sheƙar da suke ciki. Wanda ya karya ta yana iya shan tara ko ɗaurin wata 6. Tsuntsuwar takan yi ƙwai 2 ko 3 a watan Afrilu ko Mayu, ta kwanta a kai kamar kwana 30, 'ya'yan kuma su yi mako 5 zuwa 6 kafin su tashi. Mai gidan da ya yi sake har aka fara sheƙa, sai haƙuri har su watse.

Saboda haka a lokacin sanyi ake yin aikin, kafin su dawo:

1. A kwashe tsohuwar sheƙa, a share indararo. Tsuntsun yana iya yin shekara 20 ko fiye a duniya, kuma wurin da ya saba yake komawa kowace shekara.

2. A kafa ƙarafa masu tsini a kan bututun hayaƙi da gefen rufi, don ya rasa wurin sauka.

3. A ɗaura raga a kan shimfiɗaɗɗen rufi. A ja ta sosai, a riƙa dubawa, kada tsuntsu ya maƙale ya mutu.

4. A rufe kwandon shara, a daina jefa masa abinci.

Wasu kan ajiye mujiyar roba don su tsorata shi. Wannan ba ya daɗewa, bayan 'yan kwanaki sai a gan shi zaune kusa da ita.

Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. In gida ɗaya ya kare rufinsa, maƙwabci bai yi ba, tsuntsun can zai koma, kukan kuma kowa zai ji. Sai unguwa ta haɗa kai tun da wuri, domin rigakafi ya fi magani.