Ɗan Adam Tara Yake: Illar Neman Kamala ga Ɗalibi

Hausawa kan ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Amma a makarantun Kawo, Malali da Unguwar Rimi ba a rasa ɗalibin da zai ci 95 cikin 100, ya kwana yana baƙin cikin biyar ɗin da suka kuɓuce masa. Wannan shi ne matsanancin neman kamala.

A 1991, masana halayyar ɗan Adam Paul Hewitt da Gordon Flett na ƙasar Kanada sun kasa shi gida uku: kamalar da mutum ke ɗora wa kansa, da wadda yake nema daga wasu, da wadda yake zaton jama'a na nema daga gare shi. Ta ukun ta fi alaƙa da fargaba da ciwon damuwa.

Mai wannan hali yakan jinkirta aiki don tsoron kuskure, barci ya ƙaurace masa, har jarrabawar WAEC ta ƙarato yana ta maimaita babin farko.

Don haka wajibi ne malamai su nuna cewa kuskure matakin koyo ne, iyaye kuma su yaba ƙoƙari kafin su tambayi maki. In abin ya ta'azzara, a ga likita.