Man Ɗoɗɗoya Da Ake Tallatawa A Waya: Me Ke Cikinsa, Kuma Yana Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Masu amfani da TikTok da WhatsApp a Katsina sun saba cin karo da bidiyon masu sayar da man ganyaye a ƙananan kwalabe, ciki har da man ɗoɗɗoya, ana cewa yana maganin taifot da sanyi. Akwai gaskiya a batun, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Ana samun man ne ta hanyar tura tururi cikin ganyen, sannan a sanyaya tururin, man ya taso saman ruwa. Ɗanyen ganye kilo 100 yawanci ba ya ba da kilo 1 na mai. Na'urar da ake kira GC-MS ce ke rarrabe sinadaran da ke ciki.

A nau'in Ocimum basilicum an fi samun linalool da estragole. A Ocimum gratissimum kuwa, wanda ya yawaita a gidajen Najeriya, eugenol ko thymol ne kan gaba. Eugenol shi ne sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshi da yaji. Iri, ƙasar shuka da lokacin tsinka duk suna sauya yawan sinadaran. Kamar wayoyi biyu ne masu suna ɗaya amma kayan cikinsu daban: sunan da ke jikin kwalba ba ya nuna ƙarfin man.

Waɗannan sinadarai suna kutsawa cikin fatar da ta lulluɓe ƙwayar bakteriya, su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye har ta mutu. A ɗakin gwaji ana ɗiga man a faranti mai ƙwayoyin, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24, sai a auna zagayen da suka kasa tsirowa. Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, ya fi saurin faɗuwa. E. coli tana da ƙarin fata ta waje, don haka ta fi jurewa.

Sai dai faranti ba jikin mutum ba ne. Adadin da zai kashe ƙwayar taifot a cikin jini zai iya cutar da mai shan. Tsantsar man yana ƙona fata, shansa na da haɗari musamman ga yara, kuma estragole mai yawa ya haddasa kansar hanta a jikin ɓeraye.

Dalilin da ya sa masana ke bincikensa shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna, wadda ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019.

Kafin a tura kuɗi, a duba lambar NAFDAC a manhajar Greenbook ta hukumar. Zazzaɓin da ya ƙi sauka kuwa, asibiti za a kai shi a yi gwaji. Ganyen ɗoɗɗoya a miya ko shayi ba shi da wannan haɗarin.