Dalilin da ya sa ake koya wa yara darajar ungulu

A shekarun baya, da wuya a je kwata a Kano ko Sakkwato ko Ibadan ba a tarar da ungulaye jere bisa rufi suna jiran rabonsu ba. Yau akwai yara da dama da ba su san ungulu ba sai a karin magana.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A Najeriya, babban abin da ke cinye ta shi ne kasuwar tsibbu, inda ake sayen kanta da sauran sassan jikinta don neman sa'a ko sanin gaibu. Guba da ake barbaɗa wa mushe da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu sun ƙara dagula lamarin.

Tsuntsuwar da ake wa kallon ƙazama ita ce ke share mushe tun kafin ya ruɓe. Cikinta na da ruwan narkar da abinci mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cututtuka da dama. Indiya ta ɗanɗana kuɗar rashinta: daga shekarun 1990, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar. Mushe ya yawaita, karnukan da ba su da iyayengiji suka hayayyafa, fargabar cutar haukan kare ta ƙaru. Sai a 2006 aka haramta bai wa dabbobi maganin.

Wannan darasi ne gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980, ke kai wa makarantu ta ƙungiyoyin ɗalibai, musamman a ranar ungulu ta duniya, Asabar ɗin farko ta watan Satumba. Hikimar a fili take: yaron da ke riƙe da danƙo yau, shi ne mahauci ko mafarauci ko mai unguwar gobe.

Sai dai aji kaɗai ba zai wadatar ba, domin ba yara ke sayen kan ungulu ba. Shi ya sa gidauniyar ke zama da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwoyi da ganyaye. Aikin na buƙatar haƙuri, kasancewar irin wannan ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a kakar haihuwa.