Yadda sifili ɗaya ya tsayar da kwamfutoci: labarin wani gyara a ƙwayar Linux

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin masu tura waƙa da fina-finai a Rano ya san gargaɗin da suke yi: kada a zare memori sai ya gama. Mai gaggawa yakan zare, saboda ɗan acaɓan da zai kai shi Kibiya ya fara danna ham. Ya isa gida, ya sa katin a waya, sai ta ce ya lalace, a goge shi. Hotunan biki, karatun malamai, bidiyon ƙwallo, duk babu.

A mafi yawan lokuta abubuwan suna nan a cikin katin. Abin da ya lalace shi ne lissafin da ke nuna inda kowane fayil ya fara, inda ya ƙare, da wuraren da babu komai. Wannan lissafi, tare da dokokin rubuta shi, shi ake kira tsarin ajiyar fayil. Katin memori yakan zo da FAT32 ko exFAT. Ma'adanar cikin wayar Android kuwa tana amfani da ext4 ko F2FS, wanda injiniyoyin Samsung suka ƙirƙira a 2012. Mai kula da wannan aiki shi ne kanel, wato ƙwayar babbar manhaja, kuma kanel ɗin da ke cikin kowace wayar Android, daga itel zuwa Pixel, shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991.

Wannan fa waya ɗaya ce da kati ɗaya. Akwai inda lamarin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba.

A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, akan haɗa kwamfutoci da dama a kan ma'adana guda, kowacce tana karantawa tana rubutawa kai tsaye a lokaci ɗaya. Ana yin haka ne don idan ɗaya ta mutu sauran su ci gaba da aiki. Tsarin ajiya irin na waya ba zai iya wannan ba, domin an gina shi ne a kan zaton cewa shi kaɗai ke riƙe da alƙalami.

A ce wa da ƙane suna da sito ɗaya na masara, buhu 10 ya rage. Wan yana Rano, ƙanen yana Kibiya. Kowannensu ya duba lissafi ya ga 10. Wan ya sayar da 6 ya rubuta saura 4. A daidai wannan minti ƙanen ya sayar da 7 ya rubuta saura 3. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi kuskuren lissafi, amma an karɓi kuɗin buhu 13, kuma gobe da safe za a yi rigima a bakin sito. Idan kwamfutoci biyu suka yi irin wannan a kan ma'adana, kowacce za ta ɗauki fili ɗaya a matsayin nata, ta zuba bayananta a kan na 'yar'uwarta.

Maganin wannan shi ne tsarin ajiyar fayil na haɗaka. A cikin Linux akwai sanannu guda biyu. OCFS2 na kamfanin Oracle ya shiga kanel a 2006, a sigar 2.6.16. GFS2 na kamfanin Red Hat ya biyo baya a ƙarshen wannan shekara, a sigar 2.6.19, kodayake tushensa ya faro ne tun shekarun 1990 a Jami'ar Minnesota ta Amurka.

Yadda OCFS2 yake hana rigimar bakin sito abin sha'awa ne. Kafin kwamfuta ta taɓa wani fayil, sai ta nemi kwaɗonsa daga wani sashe mai raba makullai tsakanin kwamfutocin. Masu karatu kawai suna iya haɗuwa a kan kwaɗo ɗaya, amma mai rubutu sai shi kaɗai. Sannan kowace kwamfuta tana da gurbinta a kan ma'adanar, kuma kowane gurbi yana da nasa jonal, wani ɗan littafi da take fara rubuta abin da take shirin yi kafin ta yi shi. Idan wuta ta ɗauke mata ana tsakiyar aiki, wata kwamfutar za ta buɗe jonal ɗin ta ƙarasa abin da aka kammala rubutawa, ta watsar da wanda aka bari rabi. Katin memori ba shi da irin wannan littafi, shi ya sa zare shi da gaggawa ke zama asara.

Sai kuma bugun zuciya. Kowace kwamfuta tana rubuta alamar tana raye a kan ma'adanar duk bayan daƙiƙa 2. A saitin da tsarin ke zuwa da shi, idan aka yi kusan minti ɗaya ba a ga alamar ba, sauran za su ɗauka ta mutu, su raba gadon makullanta. To idan ba ta mutu ba fa, hanyar sadarwa ce kawai ta yanke? Nan ne haɗarin yake, domin tana iya farfaɗowa ta ci gaba da rubutu da makullan da an riga an ba wani. Saboda haka aka tsara cewa kwamfutar da ta ga an ware ta, ita da kanta za ta kashe kanta ta sake tashi. Idan kwamfutoci biyu ne kacal suka daina jin juna, mai ƙaramar lamba ce ke ci gaba, ɗayar ta sauka. Hukunci ne mai tsauri, amma gara a rasa minti biyar da a wayi gari bayanan shekara biyar sun cakuɗe.

Duk wannan shiri, sifili ɗaya ya taɓa tsayar da shi.

A 2020 aka ƙara wa OCFS2 wata dabara mai amfani: a iya buɗe ma'adanar haɗaka daga kwamfuta ɗaya tilo ba tare da an tayar da dukan tsarin haɗakar ba, misali idan ana son kwafe bayanai bayan wata matsala. Aikin ya taɓa ɗan sashen da ke nema wa kwamfuta gurbin da babu kowa. A sabon rubutun, gurbin da lambar mai shi ta kasance 0 sai ya zama ana kallonsa a matsayin fanko. Matsalar ita ce masu rubuta manhaja ba daga 1 suke fara ƙirga ba, daga 0 suke farawa. Kwamfuta ta farko a haɗakar lambarta 0 ce, kuma tana zaune a gurbinta.

Abin da ya biyo baya ke nan: kwamfuta 0 ta shiga ta kama gurbi. Kwamfuta 1 ta zo, ta duba, ta ga sifili, ta ɗauka ɗakin babu kowa, ita ma ta kama shi. Daga nan ta nemi kwaɗon jonal ɗin gurbin, wanda ke hannun kwamfuta 0, wadda ba za ta sake shi ba muddin tana aiki. Sai ta tsaya jira, jiran da ba shi da ranar ƙarewa. Babu saƙon kuskure mai bayani, umarnin kawai ya maƙale.

A wani ɓangaren an yi sa'a. Kwaɗon ya yi aikinsa. Da babu shi, da kwamfutoci biyu sun riƙa rubutu a jonal ɗaya, kuma da labarin ya zama na lalacewar bayanai, ba na jira kawai ba.

A 2022, Junxiao Bi, injiniya a Oracle, ya aika da gyaran. Bai yi ƙoƙarin ɗinke dabarar ba, cire ta ya yi gaba ɗaya, ya mayar da rubutun yadda yake a da. A bayanin da ya haɗa da gyaran ya nuna cewa kuskuren ba shi da wuyar gani: a shigar da kwamfuta 0, a biyo da kwamfuta 1, shi ke nan. Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, ta yaya abu mai sauƙin gani haka ya yi kusan shekara biyu a cikin kanel? Amsar tana cikin yanayin aikin. Gwada tsarin haɗaka yana buƙatar aƙalla kwamfutoci biyu da ma'adana guda a tsakaninsu, kuma kamfanonin da suka dogara da shi ba sa rawar jikin ɗora sabon kanel, sukan zauna a kan tsohon da suka amince da shi shekara da shekaru. Kuskuren yana kwance ne a sigar da masu buƙatarta ba su iso ba tukuna.

Kuma wannan mai sauƙi ne. Waɗanda suka fi ba injiniyoyi ciwon kai su ne na rige-rige, inda sai abubuwa biyu sun faru a cikin ƙasa da ƙiftawar ido, a wani jeri na musamman, sannan matsalar ta bayyana. Irinsu kan fito sau ɗaya a wata a cibiyar abokin ciniki, su ƙi fitowa ko sau ɗaya a ɗakin gwaji. Wani lokacin ma ƙara layin da zai buga bayanin abin da ke faruwa kan sauya saurin aikin, kuskuren ya ɓuya. Akwai kuma kulle-kullen juna: wannan tana riƙe da kwaɗo na farko tana jiran na biyu, waccan tana riƙe da na biyu tana jiran na farko, kamar motoci biyu da suka yi gaba da gaba a siririyar gada kowa ya ƙi ja da baya.

Gyara a Linux ana kiransa faci, kamar dai na mai facin taya, kuma har yau ta imel ake aika shi. Mai gyara yakan rubuta abin da ya lalace, dalilinsa, da lambar canjin da ya haifar da shi, sannan ya sa sunansa a ƙasa. Masu kula da OCFS2, wato Mark Fasheh da Joel Becker da Joseph Qi, su ne aka rubuta a matsayin masu duba facin wannan sashe, daga nan yakan bi ta hannun Andrew Morton zuwa wurin Torvalds. Sabon kanel yana fitowa duk bayan mako 9 zuwa 10. Idan gyaran ya shafi tsofaffin sigogi, Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa su ke mayar da shi can.

Mayarwar ma tana da nata haɗarin. A ƙarshen Nuwamban 2023 an kai wani gyara na ext4 zuwa kanel 6.1.64 ba tare da wani canjin da ya dogara da shi ba, sai ya zamana a wasu yanayi yana iya lalata bayanai. Masu babbar manhajar Debian suna gab da sakin sigarsu ta 12.3 suka dakatar da ita a ranar 9 ga Disamba, washegari suka fitar da 12.4 da gyararren kanel. Ext4 ɗin nan dai shi ne wanda ke cikin wayoyin Android da yawa, kodayake wannan matsala ta kwamfutoci ce masu ɗauke da waccan siga.

A 'yan shekarun nan wani mai farautar kurakurai ya shigo, kuma ba mutum ba ne. Syzbot na kamfanin Google, wanda ya fara aiki a 2017, yana jefa wa kanel umarni barkatai dare da rana, yana kuma ba shi ma'adanai na bogi da aka lalata da gangan don ya ga ko zai faɗi. OCFS2 da GFS2 duk sun sha rahotanninsa. Ba kowa ke murna da shi ba, domin rahoto ya fi masu gyara yawa, kuma tsofaffin sassa irin waɗannan mutane kaɗan ne ke kula da su a cikin kanel ɗin da ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025. Amma jerin kurakuran a buɗe yake ga kowa, yawancinsu da ɗan shirin da ke sake haifar da matsalar, kuma mutum yana iya aika facinsa syzbot ya gwada masa.

Nan ne ƙofa take ga matashin Rano ko Kibiya da ya iya yaren C. Ba a tambayar takardar digiri, ba a tambayar gari. Da laftof ɗaya da manhajar QEMU yana iya tayar da kwamfutocin gwaji biyu a kan ma'adana guda, ya ga irin abin da Junxiao Bi ya gani da idonsa. Akwai ma shirin horar da sababbin masu gyaran kanel na Linux Foundation wanda Shuah Khan ke jagoranta. Cikas ɗin kowa ya san shi: sauke rubutun kanel da tarihinsa yana cin data mai yawa, harhaɗa shi a tsohon laftof kan ɗauki sa'o'i, wuta kuma ba ta jiran kowa. Wanda zai yi wannan aiki a nan sai ya koyi harhaɗa sassan da yake buƙata kaɗai, ya kuma yi shiri da mai shagon caji.

Gaskiyar magana, babu OCFS2 a cikin wayar kowa, kuma sifilin nan bai taɓa hoton kowa ba. Amma hanyar da facinsa ya bi ita ce hanyar da gyaran ext4 da F2FS ke bi, sai dai tasu ta fi tsawo: daga kanel zuwa Google, zuwa mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar irin MediaTek ko Unisoc, zuwa kamfanin wayar, sannan ta iso a matsayin saƙon sabuntawa da mutane da yawa ke turewa saboda tsoron cin data. Wayoyi masu araha sukan daina samun saƙon da wuri, wasu kuma an saye su ne na hannu bayan an riga an daina aika musu. A cikin saitin waya, a sashen bayanin wayar, ƙarƙashin sigar Android, akwai lambar kanel da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Google yana fitar da sanarwar gyaran tsaro duk wata. Idan kwanan watan da ke wayar ya nuna 2021, duk facin da aka rubuta tun daga lokacin bai iso ta ba.