Farar Fumfunar Ganye a Lokacin Hunturu

Duk wanda ya taɓa shuka kuɓewa ko kabewa a tsakar gida a Dutsi, a cikin buhu ko tsohon kwano, ko kuwa ya riƙe ɗan lambu a bakin madatsar Daberam, ya san cewa idan hunturu ya kankama ganye yakan yi fari fat, har mai shukar ya ɗauka ƙura ce kawai, alhali kuwa sau da yawa wata fumfuna ce ta sauka tana zuƙe ruwan jikin tsiron.

Rarrabe su ba wuya. Ƙura takan rufe ganye da tulu da katanga baki ɗaya. Ita kuwa wannan cuta ɗigo-ɗigo take farawa, kamar an barbaɗa garin gero, galibi a tsofaffin ganyayen da ke cikin inuwa, kuma in ka goge ta da yatsa, bayan 'yan kwanaki sai ka tarar ta dawo ta ƙara faɗi, har ganyen ya yi rawaya ya bushe, 'ya'yan su tsumbure. Abin al'ajabi a sha'aninta shi ne, saɓanin yawancin 'yan uwanta, ba ta bukatar ganye ya jiƙe. Sanyin dare da busasshiyar rana da cunkoson shuka sun wadatar da ita, iska kuma ita ke ɗaukar ƙwayoyinta.

Saboda haka magani na farko ba na saye ba ne: a tsinke ganyen da ya kamu a binne shi nesa, a ba shuka tazara, a fitar da buhun inda rana za ta same shi, a kuma sassauta takin yuriya, domin yawansa yakan ƙara mata ƙarfi. Ni a ganina wanda ya kiyaye wannan da wuri ya gama rabin aiki.

In ta yi ƙarfi, ga farar wuta, wadda malamai ke kira kibritu. Da ita manoman inabi na Faransa suka ceci gonakinsu bayan irin wannan cuta, wadda a Turai aka fara ganinta a Ingila a 1845, ta kusa ƙare su. Man darbejiya ma yana taimakawa. Amma kada a haɗa su biyun, kuma a bari sai la'asar sakaliya, domin farar wuta a tsakar rana takan ƙona ganyen kabewa da na kankana.