Gwamnan da Bai Yi Kwamishina ba

Yau za mu koma ranar 28 ga Yuli 1979, ranar zaɓen gwamnoni, a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina da Daura da Funtuwa.

Mako guda kafin nan an yi zaɓen 'yan majalisar jiha, kuma NPN, jam'iyyar Alhaji Shehu Shagari, ta kwashe rinjaye mai yawa. Kowa ya ɗauka ɗan takararta, Alhaji Lawal Kaita, ya riga ya gama. Sai talakawa suka juya, suka dangwala wa mabuɗi, alamar PRP ta Malam Aminu Kano, sauran jam'iyyun adawa ma suka mara mata baya. Wani akanta ɗan garin Kaya a ƙasar Zazzau, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, shi ya ci.

Aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, ya soke haraji da jangali. Ku tsaya nan tukuna. Yaro ɗan yau ba zai gane nauyin kalmomin nan biyu ba. Haraji kuɗin kai ne, baligi yana biya ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Jangali kuwa a kan kowace saniya. Tambayi dattijon ƙauye, zai gaya maka yadda magidanci kan sayar da akuyar matarsa ya biya, yadda Bafulatani kan kora garke cikin dare don kada a ƙirga masa. Mai unguwa ya tara, dagaci ya miƙa wa hakimi. Rana ɗaya gwamna ya ce an daina. A Kano ma Gwamna Abubakar Rimi ya yi haka. Ni dai duk sanda na zo wurin nan, jikina yakan yi sanyi.

To, amma majalisa fa ba tasa ba ce. Ya aika sunayen kwamishinoni Lugard Hall, zauren majalisar, 'yan majalisa suka ƙi. Ya sake aikawa, suka ƙi. Su suna son a dama da su a gwamnati, shi kuwa ya ce ba haka ya yi da talakawa ba. Sama da wata ashirin, jama'a, gwamna yana mulki ba kwamishina ko ɗaya, sai manyan sakatarori da Dokta Yusufu Bala Usman, sakataren gwamnati.

Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin.

Lokaci na hararar mu. Lawal Kaita ya ci zaɓen 1983, bayan wata uku a kan mulki sojoji suka karɓe. Balarabe Musa bai bar PRP ba har ya rasu a Kaduna, 11 ga Nuwamba 2020. Allah ya jiƙansu.