Fallen Ƙarfen da Ake Ƙera Jirgin Ruwa da Shi

Jikin babban jirgin ruwa fallayen ƙarfe ne da aka haɗa da walda, kuma wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ƙarfe mai matsakaicin ƙarfi. An kasa shi aji huɗu: A, B, D da E. Mai gani zai zaci E ya fi A ƙarfi, alhali wajen ɗaukar nauyi duk ɗaya suke. Kowannensu dole ya jure jan da ya kai niyuton 235, wato kusan nauyin kilo 24, a kan kowane murabba'in milimita kafin ya fara lanƙwasar da ba ta komawa. Ba zai tsinke ba sai jan ya kai tsakanin 400 da 520, kuma kafin ya tsinke sai ya miƙe da aƙalla kashi 22 cikin ɗari.

Bambancinsu yana wajen sanyi. Ƙarfen da ke lanƙwasa lafiya a lokacin zafi yana iya yin gautsi idan sanyi ya tsananta, ya fashe nan take kamar tukunyar ƙasa. Wannan darasi da tsada aka koye shi. A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera jiragen Liberty 2,710 cikin gaggawa, da walda maimakon ƙusa, wasunsu kuwa suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi na arewacin Atilantika. A watan Janairun 1943 wata tankar mai da ake kira Schenectady ta rabe biyu tana tsaye a tashar Portland, babu hadari babu karo. Binciken Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ya nuna cewa ƙarfen ne da kansa ke yin gautsi a sanyi, ita kuma walda ta mai da jirgin abu guda, don haka tsaga ba ta samun inda za ta tsaya.

Shi ya sa gwajin Charpy ya zama ginshiƙi. Ana yanko ɗan guntu mai tsawon milimita 55, a yi masa 'yar tsaga, a sanyaya shi, sannan a sako masa guduma mai lilo a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. Ana gwada B a digiri sifili, D a digiri 20 ƙasa da sifili, E kuma a digiri 40 ƙasa da sifili. Ga fallen da kaurinsa bai wuce milimita 50 ba, matsakaicin sakamakon guntaye uku bai kamata ya gaza jul 27 ba. Shi A galibi ba a buƙatar yi masa wannan gwaji a irin wannan kauri, kuma a wuraren da ba su da haɗari sosai ake sa shi. D da E ana kai su inda jirgi ya fi wahala, kamar gefen dandamalinsa ta tsakiya.

Haɗin sinadaran ma da iyaka. Kabon ba ya wuce kashi 0.21 cikin ɗari, a ajin E kuwa 0.18, domin yawansa na sa walda ta tsage. Farar wuta da fosfaras kowanne ba ya haura kashi 0.035 cikin ɗari.

Shaidar inganci tana hannun hukumomin tantance jiragen ruwa, irin su Lloyd's Register ta Ingila da ta samo asali a 1760, Bureau Veritas ta Faransa, ABS ta Amurka, DNV ta Norwe da ClassNK ta Japan. Ƙungiyarsu, IACS, wadda aka kafa a 1968, ita ta daidaita ƙa'idojin. Sai hukuma ta fara amincewa da masana'antar kanta da yadda take narka ƙarfe da murza shi. Daga nan sufetonta ya shaida gwaje-gwajen, ya sa hannu a takarda, a buga wa kowane falle ajinsa, hatimin hukumar da lambar narkin da ya fito daga ciki. Lambar nan ce ke haɗa falle da takardarsa, shi ya sa maƙera jirgi ke mai da ita kan kowane yanki idan sun yanka shi. Fallen da lambarsa ta ɓace, komai kyawunsa, sufeto ba zai bari a sa shi a jikin jirgi ba sai an sake gwada shi, jirgin da ba shi da shaidar hukuma kuwa da wuya ya samu inshora.